Yadda nake tambayar buhu abin da ke cikinsa da zaren gilashi da haske

Ɗakin da nake aiki yana manne da wani sito na riɗi da zoɓo a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ɗan tsurut ne: taga ɗaya, tebur ɗaya, batiran sola biyu a ƙarƙashin teburin. A sama akwai kwamfuta da akwatuna biyu, kowanne bai fi rediyon gida girma ba. Akwatunan nan ba sa leƙa waje, rani da damina. Abin da ke fita shi ne zare, wanda har da rigarsa kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya bi ta wata 'yar huda a bango ya shiga sito, tsawon mita biyar. Da bakin zaren nan nake tambayar buhu me ke cikinsa.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, wani dattijo ya sauke riɗi buhu huɗu daga amalanke. Ya tsaya yana kallona ina tura bakin zaren cikin buhun farko.

"Ɗana, wannan igiyar taka me take tsotsa a cikin kayana?"

"Ba ta tsotsar komai, Baba. Haske take kaiwa, ta dawo mini da labarin ruwan da ya rage a jikin ƙwayar."

Ya ɗebi riɗin ya murza a tafin hannu, ya jefa kaɗan a baki ya tauna. Ya ce ukun sun bushe ƙayau, na huɗun kuwa an kwashe shi daga shanya da wuri saboda hadarin ƙarshen damina. Abin da ya faɗa shi na'ura ta faɗa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da na'urar ta ƙara kawai shi ne lamba, wadda za a rubuta a takarda mai saye a Legas ya yarda da ita.

Matasan da suka karanta kimiyya a Dutse da Kafin Hausa da Wudil suna yawan tsayawa su tambaye ni yadda aikin yake. Domin su na rubuta wannan.

Sai ka fara sanin hasken da kake aiki da shi. A 1800, William Herschel a Ingila ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Shi ake kira infared, ni kuma hasken bayan-ja nake ce masa. Ana auna tsawon igiyar haske da nanomita, wato a raba mita ɗaya gida biliyan a ɗauki kashi ɗaya. Idon mutum yana gani daga wajen 400 zuwa 700. Daga wajen 780 zuwa 2500 shi ne bayan-ja na kusa, daga nan zuwa 25,000 kuma na tsakiya.

Me ya haɗa wannan da riɗi? Ƙwayoyin zarrar da suka haɗu suka zama ruwa, ko mai, ko sitaci, ba a tsaye cak suke ba. Kullum kaɗawa suke kamar tsarkiyar garaya, kuma kowace tsarkiya da muryarta gwargwadon kaurinta da ƙarfin ɗaurinta. Idan haske ya zo da bugun da ya dace da kaɗawar wata tsarkiya, sai ta shanye shi. Ruwa yana shan haske sosai a wajen 1450 da 1940. Mai yana sha a wajen 1210 da 1720, kuma kusan rabin nauyin riɗi mai ne, don haka wuraren nan suna fitowa ɓaro-ɓaro. Aikin akwatin shi ne ya tsefe hasken da ya dawo sili-sili, kamar yadda ake tsefe kitso, ya nuna inda aka sha da inda aka bari. Zanen da ke fita a allon kwamfuta, mai tudu da kwari, shi ne zanen yatsan abin da ka taɓa. Karl Norris, injiniya a ma'aikatar gona ta Amurka, shi ya share hanyar auna danshin hatsi ta haka a shekarun 1960.

Zaren kuwa, tsakiyarsa gilashi ne tsantsa, an zagaye shi da wani gilashin da ke mayar da haske ciki duk sanda ya nemi fita. Shi ya sa hasken ke bin zare ko da ya sha kwana. Danginsu ɗaya da wanda ake binnewa a gefen titi domin intanet, wanda Charles Kao ya nuna yiwuwarsa a 1966, har aka ba shi kyautar Nobel a 2009. Sai dai tsakiyar namu ta fi kauri nesa ba kusa ba, domin ya kwaso haske da yawa. Amfaninsa a ƙasa irin tamu ba ya ɓoyuwa. A Afrilu da Mayu zafi yana haura maki 40, da hunturu kuma ƙura tana shiga har cikin tukunyar da aka rufe. Na'urar tsefe haske ba ta jure ko ɗaya daga ciki. Sai a bar ta a inuwa, a aiki zare ya shiga buhu, ko ganga, ko rumbu.

In za ka sayi zare, ka dage a kan abu biyu. Na farko, ka nemi mai ƙarancin OH, wato ragowar ruwa a jikin gilashin. Gilashin da ke da ragowar ruwa a jikinsa yana shanye haske a wajen 1380, wato dab da inda kake son karanta danshi, sai ya zama zaren ya cinye labarin kafin ya iso. Na biyu, ka nemi mai sulken ƙarfe. A sito akwai ɓera, akwai 'yan dako masu sauri, akwai buhu mai kilo ɗari da za a iya direwa a kansa.

Yanzu ga yadda safiya take tafiya. Ina kunna akwati na farko, mai fitilar da ke ba zaren haske, tun kafin in share ɗaki, in bar shi kamar minti ashirin zuwa talatin. Fitila mai sanyi haskenta yana sauyawa yayin da take ɗumama, duk abin da ka auna a lokacin aikin banza ne. Daga batir nake jan wuta, ba daga janareto kai tsaye ba, saboda wutar janareto tana hawa tana sauka, fitila kuma tana bin ta.

Bayan nan sai karatun duhu. Ka tare hasken fitila, ka rufe bakin zare da murfinsa, ka sa na'ura ta karanta. Abin da ta gani a cikin duhu gunagunin cikinta ne, shi za ta riƙa cirewa daga kowane awo. Sai karatun fari. Akwai wani ɗan farin faifai da ke zuwa tare da na'urar, wanda ke mayar da kusan duk hasken da ya sauka a kansa. Ka ɗora bakin zaren a kai, ka karanta. Da wannan farin za a gwada duk abin da ya biyo baya: riɗi ya mayar da kaza, fari ya mayar da kaza, bambancin shi ne abin da riɗi ya sha.

Ina so in daɗe a kan farin faifan nan, domin a nan na taɓa yin asarar yini guda. Wata ranar hunturu, hazo ya rufe gari har ba a hango kukar da ke bakin titi. Na bar faifan a buɗe a kan tebur ina ta kai da kawo. Wajen hantsi sai na lura lambobin suna zamewa: buhun da na auna da safe, na sake aunawa, ya ba ni wani abu daban. Na duba batir, na duba zare, na kashe kwamfuta na kunna. Sai da na ɗaga faifan kusa da taga na ga wata 'yar ƙura ja-ja ta kwanta a kansa, siririya kamar an barbaɗa garin kunun kanwa. Duk buhunan da aka ɗinke aka jera, sai da aka sake farke su. Tun daga ranar faifan yana zaune a cikin gwangwani mai murfi, ba na taɓa fuskarsa da yatsa, kuma ina sake karatun fari duk rabin awa, da hunturu ma fiye da haka. Bakin zaren ina goge shi da tattausan ƙyalle marar gashi da ɗigon sifirit, in jira ya bushe.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon hannu ba: da zarar ka karanta fari, kada zaren ya canza kwanciya. Lanƙwasa shi yana sauya yawan hasken da ke wucewa. Ni na ɗaure nawa a jikin bango da kyauron roba, mita ɗaya ta ƙarshe kawai ke motsi, buhu ake kawowa kusa.

Wajen awo, kada ka yarda da bakin buhu. Saman yana shan iska ya bushe, tsakiya da gindi suna riƙe danshi, wani lokaci ma da gangan ake zuba mai kyau a sama. Ina ɗiba da tsinken buhu daga sama da tsakiya da ƙasa, in gauraya a ƙoƙo mai zurfi, in danna bakin zare da ƙarfi iri ɗaya kowane karo. In karanta, in juya ƙwayar, in sake, sau biyar, sannan in ɗauki matsakaici. In ƙoƙon bai cika ba, haske zai ratsa ƙwayar ya karanto gindin ƙoƙo. Hasken rana ma cike yake da bayan-ja, don haka ina yafa baƙin ƙyalle a kai. Buhun da ya sha rana a kan amalanke kuwa sai ya huce tukuna, saboda zafi yana gusar da kwarin ruwa daga mazauninsa a zane.

To, zane ya fito. Ta yaya zai zama lamba? A nan aikin gaskiya yake, kuma a nan mutane da yawa suke gajiya. Na'ura ba ta san riɗi ba, ba ta san gero ba, sai abin da ka koya mata. Wadda aka koyar da alkamar Turai ba za ta karanta maiwar Jigawa daidai ba. Kafin in yarda da tawa, na shafe kaka guda ina tara samfuri: daga Maigatari, daga Gagarawa, daga Sule Tankarkar, daga Babura, fari da mai ruwan ƙasa, sabon bugu da wanda ya kwana shekara, busasshe ƙayau da wanda ke da laima. Kowanne in ɗauki zanensa, nan take in auna nauyinsa a sikeli mai kama ƙananan lambobi, in sa a tandar ɗakin gwaji a zafin maki 103 har nauyin ya daina raguwa. In giram 10 ya koma 9.4, ruwan da ya fita kashi 6 ne cikin 100. Sai in ba manhaja zane da lambarsa, zane da lambarsa, har ta gano alaƙar da ke tsakani.

Kada ka ba ta duka. Ka ɓoye kashi ɗaya cikin huɗu, bayan ta gama koyo ka jarraba ta da su, kamar yadda malamin allo ke jan almajiri baƙi a shafin da bai yi tsammani ba. In ta ci, ka fara aiki da ita. Kowace kaka kuma ka ƙara mata sababbin samfura, domin shekarar fari da shekarar ruwa ba iri ɗaya suke fitar da ƙwaya ba. Lambobin da nake nema kusan kowa a harkar ya san su: riɗi wajen kashi 6, ɓararriyar gyaɗa 7 zuwa 8, masara 13. Sama da haka fumfuna take samun wurin zama.

Akwati na biyu shi ne na leza, kuma da faɗuwar ruwan shuka yake shiga aiki, lokacin da taki ke tsada kuma algus ke yawa. Leza haske ne mai launi ɗaya tak, tattare wuri guda, wanda Theodore Maiman ya fara kunnawa a 1960. Tawa tana aiki a 785, a bakin iyakar bayan-ja. Hanyarta daban take da ta fitila. Ba hasken da aka shanye ake nema ba. Ana harba launi ɗaya, mafi yawansa ya dawo yadda ya tafi, amma ɗaya cikin miliyoyi sai ya bar wa tsarkiyar nan ɗan ƙarfinsa ya dawo da launi daban. Masanin Indiya C. V. Raman ya gano wannan a 1928, ya samu Nobel a 1930, kuma da sunansa ake kiran hanyar. A bakin zaren akwai matatu biyu, ɗaya tana tace surutun da gilashin zaren kansa ke yi, ɗaya tana hana hasken leza komawa ya danne ɗan labarin da ake jira.

Zanen Raman ba tudu da kwari masu faɗi ba ne, tsinaye ne siri-siri, kowanne a lambarsa, kuma lambar nan ba nanomita ba ce, awon yadda launin da ya dawo ya gusa daga na leza ne. Yuriya ta gaske, mai naitirojin kashi 46 cikin 100, tana tsaida dogon tsini a wajen 1010. Salfet na amoniya yana tsayawa a wajen 975, farar ƙasa a 1085, yashi a wajen 465. Gishirin miya kuwa shiru yake, ba ya tsaida komai. Kullum da safe ina gwada na'urar da ɗan guntun robar folistirin da ke zuwa da ita, in tsininsa bai faɗo a 1001 ba ba na fara aiki.

Bara wata baiwar Allah daga ƙungiyar mata manoma ta ƙauyenmu ta zo da taki a leda, na awo, mudu biyu.

"Malam, don Allah duba mini. Na zuba irinsa a masarata mako biyu ke nan, ganye bai ko motsa ba."

"Zauna, Inna, yanzu za mu gani."

Ban ma kwance ledar ba, domin leza tana ratsa farar leda mai shara-shara. Sai dai ɗigon hasken ƙarami ne ƙwarai, ƙwaya ɗaya yake gani a lokaci guda, saboda haka na bi ƙwaya ashirin daga wurare daban-daban. Wasu suka tsaida tsinin 1010 cak. Wasu kuwa allo ya kwanta shiru. Na zazzage kaɗan a kan baƙin ƙyalle na duba da gilashin ƙara girma: masu magana zagayayyu ne sumul kamar ƙwan kifi, masu shirun suna da kusurwa da kaifi. Gishiri ne aka cakuɗa. Ta daɗe tana kallon ƙyallen ba ta ce komai ba, kuɗin akuyarta ne a ciki. Na nuna mata abin da za ta iya yi ko babu na'ura: ta duba siffar ƙwayar a tafin hannu, ta kuma jiƙa cokali biyu a ɗan ruwa kaɗan, yuriya ta gaske tana sanyaya ruwan har a ji a jikin kofi.

Leza tana da halinta. Abu mai duhu, irin zoɓo ko barkono ko baƙin riɗi, yana shanye hasken ya yi zafi har ya ƙone, ka ga ɗan hayaƙi yana tashi. Ka fara da ƙaramin ƙarfi, ka riƙa ƙarawa a hankali. Abu mai launi, kamar takin NPK da aka rina, yakan yi wani irin ƙyalli da ke lulluɓe tsinayen duka, zanen ya zama tudu ɗaya marar ma'ana. Masu aiki da irin waɗannan sukan koma leza ta 1064, wadda ba ta cika tayar da ƙyallin ba.

Maganar ido kuwa ba ta wasa ba ce, ina roƙonka ka ji ni. Hasken 785 ido yana ganinsa a matsayin ɗan ja dishi-dishi, sai mutum ya zaci mai rauni ne, alhali ƙarfinsa yakan kai miliwat ɗaruruwa. Da yake ba ya ƙyalli, ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa, kuma ƙunar da zai yi a can cikin ido ba ta warkewa. Tabarau na musamman da aka yi don wannan tsawon igiyar ake sawa, na rana ba ya tare komai. Kada ka leƙa bakin zare don ka ga ko yana aiki. Kada ka haska shi a kan tire ko cokali mai sheƙi. Ni ina rufe ƙofa in zan kunna, saboda yara suna son leƙe, kuma mabuɗin akwatin a aljihuna yake kwana.

Akwai mataki na gaba, bayan-ja na tsakiya, inda zanen yatsa ya fi fitowa sarari. Man gyaɗa, alal misali, yana da babban tsini a wajen nanomita 5,730. Matsalar ita ce gilashin yashi, irin na zarenmu, ba ya barin wannan haske ya wuce, daga 2000 da ɗoriya ya fara toshewa. Sai a koma zaren filorayid, wanda aka gano a Jami'ar Rennes ta Faransa a 1974, ko zaren da aka yi da gishirin azurfa, wanda ke kai haske har wajen 18,000. Akan tuɓe rigar wani ɗan yanki na zaren a tsoma a cikin mai, hasken da ke lasar fatar zaren ya karanto abin da ya taɓa shi. Lezar da ta dace da wannan yanki, mai suna kwantam kasked, an ƙirƙiro ta a ɗakunan binciken Bell a Amurka a 1994. Amma zarurrukan nan gajeru ne, masu tsada, masu laulayi: na azurfa yana baƙi in ya sha haske, yana lalacewa in ya jingina da ƙarfe. A sito irin namu ban ba kowa shawarar ya fara da su ba.

Ka kuma san inda ikon kayan nan ya tsaya, ka faɗa wa manomi gaskiya. Suna ganin abin da ke da yawa: ruwa, mai, furotin, algus. Gubar fumfuna ta aflatoksin da ragowar maganin ƙwari kuwa 'yan mitsi-mitsi ne, kashi kaɗan cikin biliyan ake magana, ba da wannan zare ake kama su ba. Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda ragowar maganin daikilobos, kuma irin wannan bincike sai babban ɗakin gwaji. In aka tambaye ni, cewa nake: na auna danshi, danshi kuma shi ke kiran fumfuna, amma takardar guba a can Kano ko Legas za a samo ta.

Da la'asar sakaliya, in an ɗinke buhun ƙarshe, ina sake auna wani samfurin riɗi da na ajiye a kwalba mai toshe, wanda na san lambarsa, in rubuta abin da ya bayar a littafi tare da kwanan wata da zafin ɗaki. In ya kauce, gobe ba na karɓar kaya sai na gano dalili. Sai in goge bakin zaren in mayar masa da murfi. Wajen naɗi ina yi da kaina, tun ranar da wani yaro mai taimako ya ninke mini zaren farko kamar igiyar guga, ya karye daga ciki ba tare da rigar ta nuna komai ba, muka yi wata biyu muna jiran wani. Yanzu zagaye nake yi mai faɗin babban faifai ko fiye, in rataye shi a kan tsohuwar tayar keke da na kafa a bango, in lulluɓe akwatunan da zane, in kashe batir, in ja ƙofa.